Fansar Ɗan Farin Hajjo

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je rijiya a tare ni, in na zauna bakin kaskon ƙosaina a tare ni, har a gidan suna can Cadawa wata mata da ban taɓa gani ba ta riƙe mini gyale wai sai na ba ta labarin daji. To ga shi zan zube maku shi gaba ɗaya, daga yau kuma wanda ya ƙara tambayata sai ya sayi ƙosai tukuna. Masu cewa mun je mun ciyar da ɓarayi su matso gaba, su nake so su fi kowa ji.

Ni ce Rakiya mai ƙosai ta bakin kasuwar Gidan Sori. Hajjo kuwa Bafulatana ce ta rugar da ke gabas da gari. Tun muna amare take kawo mini nono ina ba ta ƙosai, har ga shi mun yi furfura, mazanmu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita ba ta magana, ni ba na shiru, shi ya sa muka daɗe tare. Ɗanta na fari shi ne Dikko, magidanci mai mata da ɗiya. Dikkon ma ashe ba sunansa ne na yanka ba, haka Fulani ke ce wa ɗan fari, ni kuwa duk tsawon zamanmu da shi kaɗai na san shi.

Sai kun san kunyar Hajjo kafin ku gane tafiyar ga. Mu ma Gobirawa muna kunyar ɗan fari. Nawa Mushe nake ce mashi, kamar yadda ake ce wa malaman boko, tunda yana koyarwa a lakol can Cadawa, amma in ya ɓata mini rai ido da ido nake wanke shi. Ta Hajjo daban ce. Tun da aka yaye Dikko kakarsa ta ɗauke shi. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta kallonsa in yana cin abinci, ko Dikkon ba ta faɗa, balle sunan yanka. In dole ta kama sai ta ce “wancan”. Shi kuma Adda yake ce mata, sai ka ce yayarsa ce.

Bayan an gama yankan hatsi abin ya faru. Ya kai shanu shan ruwa fadamar kudu, wajen iyaka, da la'asar mutane bisa moto, wato babur, suka zagaye shi. Suka kora rabin garken, suka ɗaure shi suka ƙetara da shi. Sauran shanun su kaɗai suka dawo ruga. Jandarmomi sun zo, sun bi sawu har inda ƙasarmu ta ƙare, suka tsaya don ba su da ikon wucewa. Ban ga laifinsu ba. Waɗanda na ga laifinsu su ne zaunannun bakin kasuwa, da suka ce wai Fulani ne suka ɗauki Bafulatani, nasu ne, su je su sasanta tsakaninsu. Na ajiye matsami na ce, “Da aka ɗauki matan gidan mai unguwa bara, wa ya fara jawo bunsuru ya kawo gudummawa? Ba Dikko ba? Ku ci ƙosanku ku tashi mini daga nan.”

Ɓarayin suka fara kiran salular ƙaninsa. Baffanninsa suka yi ta ja-in-ja da su, ana kora shanu kasuwar Gidan Rumji ana sayarwa, har aka tsaya kan abin da aka tsaya. Kada ku tambaye ni nawa, ba ku ba da ko dala ba. Ran nan ina rugar sai suka kira suka ce a ba uwarsa. Dabararsu ke nan, su sa ɗa ya yi kuka a kunnen uwa don a yi saurin kawowa. Aka miƙa wa Hajjo salula, ga baffanni zaune, ga matar Dikko da jariri a cinya. Sai ta juya baya ta ci gaba da kaɗa nononta. Ina jin muryar Dikko ƴar ƙarama cikin salula yana cewa “Adda, Adda”, maburgi kuwa bai tsaya ba. Raina ya ɓaci, na fizge salular.

“Ni ce uwar Dikko. Mi kuke so?”

Wani ya yi tari, sannan ya yi dariya. “Ƙarya kike, tsohuwa. Uwar ɗan fari ba ta kama sunansa haka kamar mai kiran akuya. Ta gaskiyar ita za ta kawo mana da hannunta. Namiji ya biyo ta mu riƙe shi.”

“Ba ta san hanya ba, ko Maradi ba ta taɓa wucewa ba. Tare za mu zo.”

“Ki zo, bakinki ya burge ni,” ya ce, ya sake tari. Tun daga ranar na sa mashi suna Mai Tari.

Na juya in lallashi Hajjo, ashe ta riga ta shiga bukka tana ɗaure kaya. Ta fito ba ta kalli kowa ba ta ce, “Za ni in gano jar saniyata. Tana cikin waɗanda aka kora.” Ba wanda ya yi dariya.

Da labari ya kai Cadawa, Mushe ya kira ni yana faɗa. “Iya, ba za ki ba. Wanga ba aikin tsofaffi ba ne. In suka riƙe ki fa?” Na ce to ya zo ya tafi shi. Ya fara kame-kame. Na ce, “Ba gori na yi maka ba, namiji suka ce ba su so. Ka koyar da ɗiyan mutane, ka yi mini addu'a.” Washegari ya aiko mini da sabon takalmin roba da maganin ciwon gwiwa, ɗan albarka.

Daga rugar zuwa inda suke riƙe da shi, in da kudu za a miƙe, ba wata tafiya ba ce. Amma Mai Tari ya ce mu zagayo ta Jibiya, can zai faɗa mana gaba. Muka hau amalanke zuwa bakin gudron, titin kwalta, muka shiga motar Maradi ta Tibiri. Hajjo na rungume da ƙwarya a cinya, an rufe da faifai an ɗaure da tsumma. Gumba ce ciki, da ƴar kwalbar man shanu. Da yunwa ta kama ni na ce ta ɗebo mana. Ta ce, “Ta hanya ce.” Na ce, “To nan ɗaka muke?” Ta ƙara rungume ƙwaryarta ta kalli taga. Na sayi dafaffen rogo na ci ina harararta.

A Maradi muka gamu da masifar farko. Kuɗin shanun sefa ne, na ɗaure su cikin lalita a ƙugu, ko alama babu. Su kuwa naira suka ce. Da ɗan canji ya gama zube mana naira sai ga tuli wanda ko ƙugun mata uku ba ya ɗauka. Na riƙe baki. Ɗan canjin ya kalle mu ya kalli tulin, bai tambayi komi ba, ya ce mu shiga bayan shagonsa mu shirya. Ni na yi dabarar barkono. Na sayo busasshe, ƙananan nan masu masifar zafi, muka naɗe kuɗin a leda muka binne tsakiyar buhu, don na san ba mai son tura hannu ciki. Dabara ta yi, sai dai motar Ɗan Isa gaba ɗayanta atishawa ta yi ta yi, direba na zagin mai kayan, ni ma ina taya shi zagi don kada a gane nawa ne.

A iyaka namu suka duba kart ɗinmu na shaida suka ce mu wuce. Can ɗaya gefen wani ma'aikaci ƙato ya tsayar da mu. Yana ganin tsagar fuskata ya washe baki da wata karyayyar Hausa: “Bagobira! Baiwata ta zo gaishe ni!” Ashe Bayarabe ne, abokin wasanmu. Na ce, “Uwargijiyarka dai ta zo duba ko kana aiki. Ina gorona?” Ya kwance bakin buhu ya leƙa, atishawa ta kama shi har hularsa ta faɗi. Yana share hawaye ya ce ina za mu. Na ce biki. Bai yarda da ni ba, ya juya ga Hajjo. Ita kuwa ba ta iya ƙarya irin tawa ba, tata guda ce tak: “Neman saniya.” Ya daɗe yana kallonta, sai na ga wasan ya fita daga fuskarsa. Ya ɗaure mana bakin buhun da kansa, ya saya mana ruwan leda, ya ce a hankali, “Allah ya sa ku same ta da rai, Mama.”

Daga Jibiya Mai Tari ya ce mu shiga wata mota mu yi yamma. Ba zan faɗi sunan garin da muka sauka ba, don waɗanda suka yi mana alheri suna can har yanzu. Direba bai tambaye mu ba ya ajiye mu ƙofar rumfar wata mai abinci, mu ce da ita Talatu. Ban buɗe baki ba ta ce, “Ƴan kai fansa ne? Ku shige ciki.” Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan, tun kafin in ga bindiga. A ƙasar can abin ya zama kamar zuwa awo likita, da gani an san masu shi. Ɗakin bayan rumfarta cike yake da mata, kowace da salula a hannu. Gaisuwa ma ta canza masu, ba a cewa ina gajiya, sai “an kira?” Akwai wani tudun shara bayan gidan inda rezon salula ya fi kamawa, nan ake bin layi tun da safe.

Abincinsu ban ce babu daɗi ba, amma mai ya yi yawa. Shinkafa da wake sai ka ga tana iyo cikin man ja, miya kuwa dunƙule ya kori daddawa. Ƙosansu ƙanana, ba albasa, ga tsada. Na ce wa mai suyar ta matsa in nuna mata, muka kusa dambe, daga baya ita ta roƙe ni in buga mata ƙullun gobe. Hajjo dai wahala ta sha. Aka zuba mata garin madara a shayi, ta shinshina ta ce, “Wace saniya ce wagga?” ta ture kofin. Ruwa da ɗan buredi ta rayu da su, kuma kafin kowa ya tashi ta wanke wa Talatu tukwane tas don kada ta zauna haka nan. Mutanen Faranshi suke ce mana. Na ce a ba ni bidon in ɗebo ruwa, ɗaki ya kwashe da dariya, wai jarka ake cewa. Na bar su suka dara, don na lura sun daɗe ba su yi ba.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ba mai cewa ɓarayi. Sai “mutanen”, sai “yaran daji”, wasu har “masu gari”. A can manomi sai ya biya su kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe abin da ya noma. A bakin rumfa na ɗaga murya na ce, “Wai ɓarayin ga ba uwa ce ta haife su ba?” Talatu ta toshe mini baki da hannunta duk man ja, ta ja ni ciki. “Ke baƙuwa ce, gobe kin tafi, mu nan muke kwana. Cikin masu cin abincin nan akwai kunnuwansu.” A raina na ce ikon Allah, na zo da mai ƙin kama suna don kunya, na iske gari guda mai ƙin kama suna don tsoro. Na yi shiru don Talatu, ba don su ba.

Cikin matan akwai wata da ita kanta ta taɓa zama hannunsu, yanzu mijinta ta zo fansa. Ita ta faɗa mana yadda suke yi in wani ya kuɓuce ya ɓuya a daji. Ba su wahalar da kansu. Sai su ɗora wa mace bindiga a ƙeya, su sa ta bi daji tana kiran sunansa, tana cewa ya fito an biya, ƴan'uwa sun zo. In ya fito shi ke nan. “Ni ma sun sa ni na kira wani,” ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajjo na gefe tana gyara ɗaurin ƙwaryarta kamar ba ta ji ba.

Mai Tari ya shanya mu har na daina lissafin kwana. Kullum ya kira da sabon cefane, yau taba da katin waya, gobe man ja da dunƙule, jibi wai buredi mai laushi. Ran da ya ce a haɗa mashi da takalmi na kasa daurewa. “Kai, ko uwarka ka aika kasuwa ba ta ɗauko wanga kaya. Mu tsofaffi ne, ba jakuna ba.” Ya ce, “To in aiko maki da kunnensa, shi ba ya da nauyi.” Ya kashe. Na sauko daga tudun sharar, na ce yau bakina ya kashe ɗan mutane. Na sayi takalmin. Wallahi na saya, ina kuka ina ciniki. Da ya sake kira ya ba ni Dikko muka gaisa. Hajjo ta bari sai da muka zauna mu biyu, sannan ta ce, tana kallon ƙasa, “Muryar da kika ji, ta mai cin abinci ce?” Na ce i. Ƙarya na yi mata.

Ranar da ya ce mu taso, duk tashar mutum guda ya yarda ya ɗauke mu, wani dattijo mai kabu-kabu da aka taɓa kashe wa ƙane a hanyar. Mu biyu da buhu da cefane bisa moto ɗaya. Muka kife cikin yashi, na tashi da ƙasa a baki, Hajjo kuwa ta faɗi da ƙwaryarta sama, ko faifan bai goce ba. Muka wuce ƙauyuka ba kowa ciki, ko kaza. Dawa ta nuna ta kwanta a gona ba mai yanka, ni da na san wahalar noma wannan ya fi gidajen da aka ƙone ci mini rai. Gindin wata kuka dattijon ya tsaya. “Nan ce iyakata. Ku bi busasshen rafin nan har wata tsamiya. Ina jiranku zuwa la'asar sakaliya. In rana ta yi ja ku yafe mini, ina da iyali.”

Muka ɗauki kaya a ka muka bi rafi. Ba mu daɗe da zama gindin tsamiyar ba suka iso bisa moto, bibbiyu. Ku da kuke tambayata kamanninsu, ba su da ƙaho. Samari ne, duk Mushe ya girme su. Wani na Hausa, wani na Fulatanci, wani na yaren da ban taɓa ji ba, ku je ku faɗa wa zaunannun bakin kasuwa. Mai Tari siriri ne, idanu jajur, in ka cire bindigar ko buhun gero ba ya ɗagawa. Ya ce wace ce uwar. Hajjo ba ta ɗaga kai ba, ya ce, “Ita ce.” Ya tsuguna ya yanke bakin buhu, ya tura hannu da kai gaba ɗaya don zumuɗi. Jama'a! Tarin da ya yi sai da ya durƙusa, hawaye da majina, yaransa na dariya suna riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ɗaga mini gindin bindiga. Na ce, “Barkonon kyauta ne, ba ya cikin ciniki. Ina ɗanmu?”

Sai da suka gama duba kuɗinsu sannan ya faɗa. Wai da hantsi da suka kwance Dikko za su kawo shi, ya zaci kashe shi za a yi, ya faɗa cikin kwazazzabon can ya ɓace masu. “Ƙafarsa ta lalace, ba ya nisa. Mun karɓi namu, ku nemi naku. Amma in rana ta faɗi wasu ke da wurin ga, su kuma ba ku biya su ba.” Suka tayar da moto. Na bi su da gudu irin na tsohuwa ina cewa, “Ɓarayi! Ɓarayin banza! Allah ya isa tsakaninmu da ku!” Na faɗa da ƙarfi, na faɗi nawa na faɗi na mutanen Talatu. Ko waiwaye ba su yi ba.

Kwazazzabon ba ƙarami ba ne, duk sarƙaƙiya da ramukan da ruwa ya ci. Na shiga ina kira. “Dikko! Dikko! Goggo Rakiya ce! Fito, an biya, mun zo!” Ina faɗa ina jin maganar a kunnena, ita ce sak wadda matar nan ta ce ana sa su faɗa. Na canza, na ce ga Adda nan, na rantse mashi da Allah. Shiru. Na ga busasshen jini bisa wani dutse, na ga sawun ƙafa ɗaya da jan ɗaya, sawun ya shiga ƙaya ya ɓace. Ƙaya ta yage mini zane, muryata ta dushe. Hajjo na biye da ni da ƙwarya a ka, tana leƙa kowane rami, bakinta gum. Inuwa ta yi tsawo. Can nesa na ji dattijo ya danna oda.

Nan na juya kanta. Duk zamanmu ban taɓa yi mata tsawa ba sai ranar. “Hajjo! Kin sayar da shanu, kin ƙetare ƙasa, kin kwana cikin baƙi, don ki zo nan ki yi mini shiru? Muryata ba ta fito da shi, zato yake bindiga ce a ƙeyata. Za ki koma gida da kunyarki cif, ki bar shi nan kuraye su ci? Wa ke nan da za ki ji kunyarsa? Ni? Tsamiya?”

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye. Ta ce, “Ƙawa, juya baya.”

Na juya.

Kun san muryar da Fulani ke kiran shanu da ita daga nesa, siririya mai tafiya? Da ita ta kira. Ban taɓa sanin tana da ita ba.

“Usmanu!”

Ni da na goya shi, na ba shi ƙosai tun yana rarrafe, ranar na fara jin sunansa. Kwazazzabo ya maido mata da muryarta ya yi shiru. Ta sake, wannan karon muryar ta karye a tsakiya.

“Usmanu!”

Daga ƙarƙashin wata gaɓa da muka riga muka wuce, inda saiwoyi suka rufe bakin rami, sai muka ji can ƙasa-ƙasa, “Na'am.”

Da jan ciki ya fito. Ba zan kwatanta maku yadda ya koma ba, matarsa na iya jin labarin ga. Na faɗa kansa ina kuka ina salati. Na waiga in ga Hajjo, sai na iske ta ba mu baya tana kwance ɗaurin ƙwarya. Ta turo mini ita ta gefe. “Dama wa wancan. Man kuma ki shafa mashi a ƙafa.” Gumbar da ta hana ni tun daga Tibiri ke nan. Na dama da ruwan gorarmu, ya kafa kai yana sha. Ta ƙara cewa, “Tambaye shi jar saniya.” Ya ce sun yanka ta tun ranar da suka kawo su. Ta ce, “To.”

Dattijo bai tafi ba, Allah ya saka mashi da alheri. Rana ta yi ja, amma da ya ji kiran sai ya turo moto cikin rafi ya tarye mu. Mu huɗu bisa moto ɗaya. Hajjo ta so ta zauna ƙarshe, na ce a'a, na fi ta nauyi, in ba ni ce ƙarshe ba kifewa za mu yi. Wagga ma ƙarya ce. Dole ta zauna bayan ɗanta. Ta riƙe gefen sirdi da hannu biyu ta ƙi taɓa shi, har muka faɗa wani rami ya yi luu zai zame. Ta cafe shi. Hanya ta daidaita, ramuka suka ƙare, muka hau gudron, hannunta na nan zagaye da ƙirjinsa. Na yi kamar ina kallon gonaki.

Gidan Talatu ba a yi guɗa ba, don sauran matan na can bisa tudu da salularsu. Ta ɗora mana ruwan zafi, ta ƙi karɓar komi hannunmu. A iyaka kuwa Bayarabena na nan. Ya leƙa ya ga Dikko kwance cikin mota, ya kalli Hajjo. “Mama, an samu saniyar?” Ta ce, “An samu.” Ya cire hula ya ce lalle baiwarsa ta yi aiki, na ce ya ci gaba da yi mana gadi.

Yanzu ku masu cewa mun ciyar da ɓarayi. Gaskiya ne, mun ciyar da su, har takalmi na saya masu, kuma kullum ina roƙon Allah ya sa cikin takalmin nan za a kama Mai Tari. Ban ce daidai ba ne. Amma ran da aka ɗauki naka, Allah ya kiyaye, ka zo ka zauna bakin kaskona ka maimaita mini maganar in kana iyawa. Kafin nan kada wanda ya ƙara ce mini “nasu ne”.

A likitar Gidan Rumji aka yi jinyar ƙafar. Ba a yanke ba, sai dai ɗingishi. Ran da na kai mashi kunu na ce, “Kai Dikko, don Allah ba ka ji ni ba? Na kusa tsaga maƙogwarona.”

“Na ji ki, Goggo. Ta kaina ma kika wuce, ina ganin takalminki.”

“To don mi ka yi mini shiru, ɗan nema?”

“Goggo, ke bindiga na iya sa ki kira ni, kuma ban ga laifinki ba.” Ya juya ludayi cikin kunun. “Adda kuwa na san bindiga ba ta isa ba.”

Hajjo na zaune bakin ƙofa daga waje, inda take yini tun da aka kwantar da shi, ta ba ɗakin baya. Na san ta ji. Ta gyara kallabinta ta ce, “Ƙawa, ce wa wancan ya rage surutu, kununsa na hucewa.”